Kwana Biyu da Saniyar Iliya

Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin labarin nan a bakin mutane, yadda babanku ya kwana biyu shi kaɗai a dajin Kebbe yana gadin saniyar ƙanensa, kura na zagaye shi, bai gudu ba. Mahaifiyarku ta ba ku shi, an maimaita shi a coci ranar da aka yi mini addu'ar ajiye aiki, har Ladi ta taɓa rubuta shi a makaranta ta sha yabo. Duk lokacin da aka ɗauko shi sai in sunkuyar da kai, ku kuma ku ɗauka tawali'u ne. Kunya ce, kuma ba irin wadda kuke zato ba. Yanzu da gemuna ya yi fari, ciwon bayan nan kuma ya zaunar da ni wuri ɗaya, gara in gyara muku labarin da hannuna kafin ku gaje shi a karkace.

Kakanku ya zo Tambuwal daga wajen Zuru yana saurayi. Aikin ɗakin shan magani ya kawo shi, ya zauna har mutuwa ta same shi a nan. Gidajen Kirista a garin ba su da yawa, amma ban tashi ina jin kaina baƙo ba. Muna cin naman layyar maƙwabta, su ma suna cin shinkafarmu ta Kirsimeti, da sharaɗi ɗaya da kowa ya sani ba sai an faɗa ba: Baba ba ya yanka ko kaza da hannunsa in dai za a kai wa mutane. Malam Umaru na jikin katangarmu ake kira, ya zo da wuƙarsa ya yanka, a ba shi wuya ya tafi. Babu wanda ya ɗauki wannan abin fushi, haka muka taso muka tarar.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, ni da Iliya, na ba shi shekara huɗu. Ni ne na karatu, shi ne na mutane. Ni kuma matsoraci ne tun ina ƙarami, kada wani ya ɓoye muku. Da magariba ta yi ba na iya zagayawa bayan gida sai Iliya ya riƙe mini fitila, yana tsaye yana dariya. Inna tana da maganinta na wannan ciwo. Ba ta duka, ba ta lallashi, sai ta nuna mini ƙasa da yatsa.

"Durƙusa, Yohanna. Faɗa ma Yesu sunan abin da kaka tsoro. Kak ka ce mishi ina jin tsoro kawai, wanga ya riga ya sani. Kira abin da sunanai."

Sai in ce duhu, ko in ce karen gidan su wane, ko in ce gawar da aka wuce da ita da rana. Abin mamaki, da na furta sunan sai abin ya rage girma, har in iya tashi in kwanta. Da wannan na girma, da shi na shiga makaranta, da shi na fito malamin dabbobi, aka ba ni akwatin magani da babur da ƙauyukan da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe.

Iliya kuwa boko ya ƙi shi, shi ma ya ƙi boko. Ya taɓa ɗinki, ya taɓa bin mota, babu wanda ya zauna. Shekarar da ya yi aure da Hannatu, Inna ta kira ni ta ce in riƙa tafiya da shi ko ya koyi abin yi. Na yarda da zuciya ɗaya, don a ganina mai riƙe mini saniya na samu. Ni na nuna masa yadda ake kama jijiya, ni na nuna masa yadda ake gane ciwon hanta daga idon dabba. Ban ankara ba sai ga shi yana hira da Fillanci, ya san sunan kowace saniya a kowace ruga, sunayen da ni har yau harshena ba ya iya juya su. Saniyar da za ta harbe ni, shi sai ya dafa mata tozo ya yi mata magana ta tsaya. Aka wayi gari in mun isa ruga, kafin in kashe babur an fara tambaya, ina ƙaramin likita? In an kawo ƙwaryar nono gabansa ake fara ajiyewa, shi ya turo mini don ladabi. Wannan turowar ta fi komai ƙona mini rai. Ni mai takarda, ni mai akwati, amma sai ƙanena ya yi mini alfarmar nono.

Mahaifiyarku Saratu ta gano ni tun da wuri, don mace mai ido ce. Wata rana na dawo ina ta sababi wai Iliya ya cika surutu a wurin aiki, ta bar ni na gama, ta ajiye mini tuwo.

"Baban Ladi, ka yi hankali. Hassada ga mai rabo taki ta."

Na ce mata wa zan yi wa hassada, wanda ni na koya masa riƙe allura? Ta ce ita dai ba ta kama suna ba. Ranar ban ci tuwon ba.

Akwai wani dattijo, Ardo Sambo, mai ruga a bayan Kebbe, can inda gonaki suka ƙare daji ya fara. Shekara goma sha huɗu ina yi wa shanunsa allura, abin da ya taɓa shiga tsakanina da shi ƙwan zabi ne da godiya. Fulani suna da wata al'ada da suke kira habbanaye. Mutum ya ga wanda ya yarda da shi, sai ya ba shi karsana ya riƙe, ta haifa masa 'ya'ya su zama nasa, daga baya ya mayar da uwar. Ba sayarwa ba ne, ba sadaka ba ne, yadda suke ce wa mutum ka zama namu ne. A ranin shekarar da nake ba ku labari, Ardo ya tara mutanensa, ina tsaye ina wanke allura, ya kama hannun Iliya ya ɗora a kan wata jar karsana mai ciki, ya ce in ta haihu Iliya ya zo ya kora ta. Na yi musu barka da bakina. A hanyar dawowa Iliya yana bayana a babur yana ta lissafa inda zai kafa mata turke, ni kuwa ina ta faɗawa ramuka da gangan.

Da damina ta faɗi manoma suka yi shuka, Ardo ya yi wa mai gari alkawarin zai tashi da shanunsa kafin Jumma'a. Daren Laraba naƙuda ta kama jar karsanar, ta ƙi haihuwa. Ɗan aiken da aka turo da asuba ƙofata ya buga, amma gidan Iliya yake tambaya. Na bi su ne kawai don babur da akwati nawa ne. Muka tsallake gulbin da ke kan hanya, ruwa bai kai gwiwa ba, muka isa da hantsi. Mun tarar an kwance bukkoki an ɗaure kaya a kan jakuna, garken ya ƙagu ya tafi, ita kuma tana kwance gindin wani marke tana nishi. Ɗan ya yi girma, kuma ya zo a karkace. Iliya ya tuɓe riga ya sa hannu ya gyara shi, muka ja tare, sai ga maraƙa mace, ja kamar uwarta, da ranta. Aka yi ta murna. Sai dai uwar ta ƙi tashi. An ɗaga, an lallaba, an kira sunanta, ƙafafun baya sun ƙi ɗaukarta. Na san ciwon, na san maganin, wani ruwa ne da ake ɗura wa saniya ta jijiyar wuya, kuma babu shi a akwatina, yana can ɗakin ajiyarmu a Tambuwal. Ni na yi wannan bayani, amma Ardo fuskar Iliya yake kallo har na gama.

"Iliya, saniyag ga taka ta, gaban mutane na ba ka. Amma mu ba mu kwana nan, na yi alkawali da manoma. In ka yarda in sa mata wuƙa yanzu tun tana da rai, a raba nama, maraƙa in haɗa ta da wata uwa. In munka ba da baya babu mai yanka ta, kun san yankanku ba ya ciyuwa gare mu. In tam mutu, mushe ta, rabon ungulu."

Iliya ya durƙusa ya shafa mata goshi.

"Baffa, a bar min ita kwana guda. A bar mata ɗiyatta kuma, saniya in tana ganin ɗiya tana son tashi."

Ardo ya ce ya ji, amma sai wani ya tsaya da ita, kuma ba shi da mutum ko ɗaya da zai bari. Ni ya kamata in koma Tambuwal, mabuɗin ɗakin ajiya a aljihuna yake. Har na fara tattara akwati sai babban ɗan Ardo ya yi dariya.

"Ai sai ƙarami ya tsaya. Likita babba ba shi kwana daji, kowa ya sani."

Aka yi dariya, har matan da ke ɗaure kaya. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, to ranar kunyar ta biyo ni har dajin. Na ciro mabuɗi na miƙa wa Iliya, na ce shi ya fi ni iya tuƙi a mugunyar hanya, ni zan zauna. Ku lura, ba don ƙaunarsa na zauna ba, don kada a ƙara cewa ya fi ni ne.

"Yaya, ka tabbata?"

"Tafi abinka. Ko kai kaɗai ka iya zama da saniya?"

"Kahin magariba ina nan, in Allah ya so."

Aka bar mini fura da nono a ƙwarya, da igiya, da gatari. Ina da tamfol ɗin da nake rufe akwati, na ɗaura shi jikin marken ya zama ɗakina. Babur ya tafi yamma, garke ya tafi arewa, ƙarar duka biyu ta ɓace, aka bar ni da saniya da 'yarta da ƙudaje.

Sai na faɗa muku yadda aikin yake don ku gane abin da ya biyo baya. Saniyar da ta kasa tashi ba a barinta ta miƙe a gefe guda. Dole ta zauna a kan ƙirjinta, a tokare ta da itace, a riƙa juya ta wannan ɓari da wancan. In ta baje a ƙasa cikinta zai kumbura da iska ya danne mata numfashi, kafin ka je ka dawo ta tafi. Na sari gungume na tokare ta, na ɗebo mata ruwa a wani ɗan tafki, na tatsi dakashi na ba maraƙar, na binne mabiyiya da jinin haihuwa don kada warin ya kira baƙi. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har rana ta faɗi. Tun kafin ya ɗauke na san gulbi ya kawo, babu babur ɗin da zai tsallaka shi. Daren farko na yi shi a zaune, wuta na mutuwa ina hura ta, kura na kuka daga nesa. Na yi yadda Inna ta koya mini, na kira kura, na kira maciji, na kira duhu, na samu na kai safiya. Sai daga baya na lura duk addu'ar da na yi a daren nan ban sa saniyar a ciki ko sau ɗaya ba.

Yini na biyu shi ya yi mini illa. Mutum in ya rasa abokin magana sai zuciyarsa ta zama abokiyar hirarsa, tawa kuwa ba ta da labari sai na Iliya. Ina ba maraƙar nan nono ina kallon kyanta, ina hango ta ta girma ta haifi wasu. Na hango garke a bayan gidan ƙanena, na hango Hannatu tana aiko wa Saratu man shanu a matsayin alheri, na hango dattawan coci suna miƙewa in ya shigo. Na tuna daren da na kwana ina karatu da fitilar aci-bal-bal shi yana can wajen kiɗa. Na tambayi kaina me na yi wa mutane da ba sa sona yadda suke sonsa, ban samu amsa ba, sai haushi. Ga shi yau ni ne makiyayinsa, ni ke kwashe kashin saniyarsa, in ta tashi kuma shi za a yaba. Har rana ta karkata babu ƙarar babur.

Dab da faɗuwar rana na je ɗebo ruwa, na dawo na tarar ƙasa ta yi laushi gungumen ya zame. Saniyar ta baje a gefe, kanta ya gangara, cikinta ya fara tashi. A daidai lokacin kura ta yi kuka, wannan karon kusa, ko duhu ba ta jira ba. Na ajiye ruwan na tsaya. Sai wani tunani ya zo mini a hankali, da ladabi, kamar mai ba da shawarar arziki. Ya ce, kowa ya san kai matsoraci ne, jiya ma an faɗa a gabanka. In ka kama hanyar Kebbe yanzu babu mai cewa ka kashe ta, cewa za a yi Yohanna ya ji tsoro, a yi dariya kwana biyu a manta. Ba sai ka sa hannu ba, ƙyale ta kawai za ka yi. Saniyar tana kallona da ido ɗaya tana jan numfashi da ƙyar. Na ɗauki jakata na rataya, na juya mata baya, ita da 'yarta.

Ban yi gudu ba. A natse na tafi, kuma wannan ne ya tona mini asiri a wurin kaina, don mai jin tsoro gudu yake yi. Na yi tafiya mai ɗan nisa har na kai wata tsamiya inda 'yar hanyar ta ratsa ciyayi. A nan hasken ya ƙare, tsoro na gaskiya ya sauko mini. Gabana daji baƙi ƙirin, bayana kura, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na zube a kan gwiwa cikin taɓo. Na ce, Yesu, kura. Ban ji komai ya ragu ba. Na ce duhu, na ce maciji, na ce mutuwa a daji babu mai binnewa. Duk na kira su, tsoron na nan yadda yake, har ƙaruwa yake yi. Inna ta rasu shekara biyu kafin nan, amma na ji yatsanta yana nuna ni, na san akwai sunan da na tsallake. Na daɗe ina kokawa da shi kafin ya fito.

"Iliya. Ya Yesu, Iliya nika tsoro. Ina tsoron ƙanena ya fi ni, kuma ya riga ya fi ni. So nika saniyag ga ta mutu. Ka ji, na faɗa."

Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba, kada ku ƙara wa labarin gishiri in kun tashi bayarwa. Kuka na yi irin na yaro, da majina da komai. Amma abin da ya saba faruwa a ɗakin Inna ya faru a gindin tsamiyar nan: da na kira shi da sunansa sai ya rage girma. Na faɗi mafi munin abin da ke cikina, kuma wanda na faɗa wa bai tashi ya bar ni ba, na ji haka a jikina. Na ce ya gafarta mini, ya riƙe mata numfashi har in isa. Dajin bai canza ba, kurar ba ta yi shiru ba, amma ƙafafuna sun dawo. Sai a lokacin na yi gudu.

Na tarar da ita da sauran rai, ciki ya yi tim, harshe a waje. Aikin maza uku ne tayar da saniya irin wannan, ni kuwa ni kaɗai ne. Na ɗaura igiya a ƙahonta na zagaya da ita jikin marke na ja kanta sama, na lanƙwasa mata ƙafafu, na sa kafaɗata a ƙarƙashin tozonta na tura. Sau biyu tana komawa. A na uku na ji wani abu ya yi ƙas a ƙuguna, wuta ta bi mini ƙafa har yatsu, amma ta zauna a kan ƙirjinta. Can sai ta yi wata doguwar gyatsa mai wari, ta ƙara wata, cikin ya fara saɓewa. Na sha jin waƙa mai daɗi a coci, ban taɓa jin abin da ya kai gyatsar nan daɗi ba. Ba ni da ƙarfin gyara gungume, sai na ja jiki na jingina bayana da nata, na zama ni ne matokarin. Na jawo maraƙar kusa, na tara itacen da hannuna ya kai na hura wuta. Kurar ta zo har inda haske ya ƙare, na ga idanunta. Na jefa mata bakin wuta, na yi ta rera waƙoƙin sujada da wannan muryar tawa da kuka sani, wataƙila ma ita ta kore ta. Na ji tsoro ƙwarai, amma tsoro ne na kowa da kowa, wanda mutum yake iya zama da shi har gari ya waye.

Da hantsi sai ga Iliya a ƙafa, jiƙe sharkaf, kwalaben magani ɗaure a kansa. Kwana biyu yana bakin gulbi, da ya gaji da jira ya bar babur a can ya rungumi gora ya tsallako. Na kasa miƙewa in tarbe shi. Ya kama mata kai, ni na nemo jijiyar daga inda nake zaune, muka ɗura mata ruwan. Ya ce bari ya samo itace ya dafa mini ruwan zafi, ya shiga daji ya ɗan jima, ya dawo shiru ba kamar yadda ya saba ba. Ya tsuguna yana gasa mini baya, ya ce sannu Yaya. Bayan azahar jar saniyar ta yunƙura, ta yi tangaɗi, ta tsaya da ƙafafunta, 'yarta ta kama nono. A kan jakin aro aka kai ni Kebbe.

Da labari ya kai wa Ardo, ya ce lalle Iliya ya san saniya, tun da ya hana a yanka ta. Kun ji. Amma Iliya da kansa ya bi gari yana ba da labarin jarumtakata, daga bakinsa kowa ya ɗauka. Bayana bai ƙara komawa daidai ba, doguwar tafiya a babur ta gagare ni, aka mayar da ni aikin tebur a ofis, ƙauyukan da na yi shekaru ina zagayawa suka koma hannunsa. Jar saniyar ta haifa masa uku ya mayar da ita, garke ya kafu, nonon da kuka sha kuna yara daga can yake. Ba zan ce muku hassadar ta mutu a gindin tsamiya ba. Ta sha dawowa, in na ga an miƙe masa a taro, in na ga man shanun Hannatu a ɗakin mahaifiyarku. Bambancin kawai na san sunanta, in ta zo sai in kai ƙararta inda na saba.

Shekara ashirin da wani abu ban faɗa masa ba. Sai da ciwonsa na ƙarshe ya kwantar da shi, wata la'asar Hannatu ta fita ta bar mu mu biyu, na ga in ban faɗa yau ba na rasa dama. Na faɗa masa duka, da jakar da na rataya, da abin da na so ya faru. Yana kwance ya rame, yana saurarena, sai na ga yana murmushi.

"Yaya, ashe kana zaton ban sani ba? Ƙasa jiƙaƙƙiya ta fa rannan. Da nit tafi neman itace, sawunka nab bi hab bakin tsamiya. Na tafiya gajeru na, na mutumin da ya san abin da shika yi. Gindin tsamiya nig ga gurbin gwiwa biyu. Na dawowa kau, tsakanin wanga da wanga sai ka auna da sanda."

Na ce masa ya san wannan duk shekarun nan, ya bi gari yana kirana jarumi?

"To mi zan ce? Na iske saniyata da rai, na iske yayana ya karya bayanai. Wanda yad dawo shi nika ba mutane labari."

Na zauna ina kallonsa, kuma ku yarda da ni, tsohon abin nan ya motsa a ƙirjina. Har a iya riƙe magana da yafiya ma ya fi ni. Na dafa gadon na durƙusa da ƙyar, bayana na ihu, na kira abin da sunansa da ƙarfi yana ji. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ɗora hannunsa a kaina yadda yake ɗora wa shanu, ya bar shi a nan har Hannatu ta shigo. Bayan mako uku muka binne shi.

Jikokin jar saniyar suna nan a bayan gidansa, 'yan'uwanku na kiwon su. In kun tashi ba 'ya'yanku labarin dajin Kebbe, kada ku ba su rabi yadda baffanku ya yi mini sutura. Shi yana da ikon ɓoye sawun tafiyata, ku ba ku da shi. Ku nuna musu duka biyun, da na tafiyar da na dawowar.